Birtaniya: Shin dattawa su sayar da manyan gidajensu su koma ƙanana?

Miliyoyin dattawa a Birtaniya na zaune ne a gidajen da suka yi musu girma, bayan da 'ya'yansu suka kama gabansu suka bar ɗakuna a rufe. Tambayar da ke gaban da yawa daga cikinsu ita ce ko su sayar su koma ƙaramin gida, ko kuwa su ƙarasa rayuwarsu a inda suka raini iyalansu.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta nuna cewa a Ingila da Wales akwai mutane fiye da miliyan 11 da suka kai shekaru 65 ko suka haura, kuma sama da miliyan 3 daga cikinsu su kaɗai suke zaune. Galibin waɗannan dattawa gidajen nasu ne na kansu, sun kuma gama biyan bashin da suka ci suka saya.

A daidai wannan lokaci kuwa, matasa masu ƙananan yara na fama da tsadar gidaje da ƙuncin muhalli. Wannan ne ya sa batun ya wuce shawarar cikin gida, ya zama abin muhawara a siyasar ƙasar.

Abin da ke jan hankali

Dalili na farko shi ne kuɗi. Wanda ya sayi gida shekaru 30 ko 40 da suka wuce, darajarsa ta ninka sau da dama, kuma doka ba ta karɓar harajin riba a kan gidan da mutum yake zaune a ciki idan ya sayar. Rarar da ta saura za ta iya tallafa wa kuɗin fansho, ko ta taimaka wa ɗa ko jika ya sami gidan kansa.

Na biyu shi ne ɗawainiya. Babban gida na cin kuɗin ɗumama ɗakuna a lokacin hunturu, ga harajin ƙaramar hukuma, ga gyaran rufi da kula da lambu. Na uku kuma lafiyar jiki: akasarin gidajen ƙasar benaye ne, ɗakunan kwana da banɗaki suna sama, kuma hawa da sauka kan zama haɗari ga wanda gwiwa ko ido suka fara rauni.

Inda lissafin ke tangarɗa

Sai dai kuma rarar ba ta kan kai yadda ake zato ba. A misali, ma'auratan da suka sayar da gida a kan fam dubu 450 suka sayi na fam dubu 300 a Ingila, za su biya fam dubu 5 na harajin sayen gida, bisa tsarin da ya fara aiki a watan Afrilun 2025. Bayan wannan akwai la'adar dillali, da kuɗin lauya, da na kwasar kaya, da gyaran sabon wurin.

Babbar matsalar ma ita ce samun gidan da za a koma. Gidajen ƙasa marasa bene, waɗanda dattawa suka fi so, kaɗan ne ƙwarai ake ginawa, saboda haka farashinsu a unguwa ɗaya kan yi kusa da na babban gidan da za a bari. Wani kwamiti da gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Julienne Meyer ya ce a rahotonsa na watan Nuwamban 2024, ana bukatar sabbin gidajen tsofaffi dubu 30 zuwa dubu 50 a kowace shekara, alhali kimanin dubu 7 kawai ake ginawa.

Rukunin gidajen da ake keɓe wa tsofaffi su ma da nasu ƙalubalen. Ana biyan kuɗin hidima duk shekara, wasu kamfanoni kuma na yankar wani kaso idan aka tashi sayarwa, abin da ya sa hukumar gyaran dokoki ta ƙasar ta fitar da rahoto a kai a shekarar 2017.

Akwai kuma wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. A Ingila, duk mai dukiyar da ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa kuɗin masu kula da shi. Idan a gidansa ake kula da shi, ba a sa darajar gidan a lissafi. Amma da zarar ya mayar da wani ɓangare na gidan kuɗi a banki, to ya shiga lissafi.

Matakan gwamnatoci

A shekarar 2013 gwamnatin David Cameron ta rage tallafin haya da kashi 14 cikin 100 ga mazauna gidajen gwamnati masu ɗaki ɗaya da ba sa amfani da shi, da kashi 25 ga masu biyu ko fiye. Matakin ya jawo zanga-zanga, duk da cewa bai shafi 'yan fansho ba.

Australiya kuwa lallashi ta zaɓa. Tun daga watan Yulin 2018 ta bai wa dattijon da ya sayar da gidan da ya mallaka na aƙalla shekaru 10 damar zuba har dalar ƙasar dubu 300 a asusun fanshonsa. An fara da 'yan shekaru 65, aka sauko zuwa 55 a shekarar 2023.

Ga wanda ya ƙi tashi

Ba kowa ne zai iya rabuwa da maƙwabtan shekaru 40, da likitan da ya saba da shi, da masallaci ko cocin unguwa ba. Irin waɗannan kan gyara gidan ne, su sauko da ɗakin kwana ƙasa, kuma a Ingila masu naƙasa na iya samun tallafin gyara har na fam dubu 30. Wasu na sa ɗan haya a ɗaki guda, inda doka ta yafe haraji a kan fam 7,500 na farko a shekara.

Wasu kuma kan jinginar da gidan su karɓi kuɗi, a biya bayan rasuwarsu. Kuɗin ruwa ne ke taruwa a kan wannan bashi har ya cinye kaso mai yawa na abin da magada za su samu, ga Musulmin ƙasar kuwa akwai matsalar riba.

Yaya abin yake a ƙasar Hausa?

A tsofaffin unguwannin Kano ko Zariya ko Damagaram, da wuya gidan gado ya zama kango, domin 'ya'ya maza kan yanki sashe su zauna da iyalansu. Amma a sabbin unguwannin Kaduna da Abuja, tsofaffin ma'aikata da suka gina manyan gidaje sun fara ganin irin wannan yanayi, yayin da aiki da aure suka kai 'ya'yansu wasu garuruwa.

A nan batun gado na da nauyi. A shari'ar Musulunci, tumuni ne rabon matar mamacin da ya bar 'ya'ya, ko da matan sun kai huɗu shi za su raba, kuma sau da yawa sai an sayar da gida kafin kowa ya sami haƙƙinsa. Saboda haka shawarar da maigida ya yanke da ransa ta shafi inda uwargida za ta zauna a bayansa.

A Birtaniya dai, da yawa ba sa tashi sai faɗuwa, ko rashin lafiya, ko rasuwar abokin zama ta tilasta musu. A lokacin kuwa zaɓi ya ragu, ƙarfin kwasar kaya da sabawa da sabon wuri ya tafi, kuma sau da yawa 'ya'ya ne ke yanke hukuncin da iyayen suka daɗe suna ɗagawa.