Fitilar da ke hana mota takardu a Kalifoniya: Abin da lambobin matsala ke nufi

A jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa da ke kunnuwa a gaban direba ta isa ta hana a sabunta wa mota takardu. Duk motar da ta je gwajin hayaƙi wannan fitila na kunne ta faɗi, komai lafiyar ƙarar injinta.

Dokar ta samo asali ne daga hazon da ya addabi birnin Los Anjeles tun shekarun 1940. A farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya gano cewa hayaƙin motoci ne ke haɗuwa da hasken rana ya haifar da hazon. A 1984 jihar ta fara gwajin da ake kira Smog Check, kuma yawancin motoci na yin sa duk bayan shekara biyu. Motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya an ɗauke musu.

Yadda mota ke kai ƙarar kanta

Tun daga 1996, kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka na ɗauke da tsarin OBD-II, wato kwamfutar da ke sa ido kan injin da hayaƙinsa. Idan ta ga abin da bai yi daidai ba, sai ta adana lamba ta kunna fitilar. Ana karanta lambar da ƙaramar na'ura da ake jonawa a wani soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari.

Motocin fetur ƙirar 2000 zuwa sama ba a ma sa musu na'ura a bakin salansa. Mai gwajin zai duba kayan injin da ido, ya jona kwamfutarsa, motar ta faɗi abin da ke cikinta.

Lambobin da aka fi cin karo da su

P0442 da P0455 na nufin tururin fetur na zurarewa, ta farko kaɗan, ta biyu da yawa. Sau da yawa murfin tanki ne bai ɗauru ba, ko robarsa ta tsage, don haka da shi ake farawa.

P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a cikin injin. Tsagaggen tiyo, ko datti a kan sensar da ke auna iskar da ke shiga, ko famfon mai da ya yi rauni, duk suna jawo ta.

P0300 na nuna injin na tsallake wuta. Idan P0301 ce, silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu. Filogi da kwayil ake fara dubawa. Idan fitilar na ƙyaftawa ne, lamarin ya yi tsanani: ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa, kuma zai iya ƙona matatar hayaƙi.

P0420 ita ce mai tayar da hankali, domin tana cewa matatar hayaƙin, wadda kanikawa a Najeriya ke kira indomi, ta daina aiki yadda ya kamata. Tana da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta, irin su filatinom da faladiyom da rodiyom.

Sai dai lamba alama ce kawai, ba ta nuna kayan da za a saya. Hujin salansa ko gajiyayyar sensar iskar oksijin na iya kawo P0420 alhali matatar lafiyarta ƙalau. Idan kuma ta mutu da gaske, galibi wani abu ne ya kashe ta, kamar tsallaken wuta ko cin baƙin mai. Wanda ya sa sabuwa bai gyara tushen ba, ita ma haka za ta bi.

Goge lamba ba gyara ba ne

Dabarar da ta fi jefa masu mota cikin asara ita ce cire kan batir ko goge lambar da na'ura ana gobe gwaji. Fitilar za ta mutu, amma gogewar na share sakamakon gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta, na matata da na sensa da na tururin mai. Na'urar mai gwaji za ta ga ba su kammala ba, motar ta koma gida ba takardar shaida.

Kafin su kammala sai an tuƙa motar a yanayi daban-daban: tayar da ita da sanyin safiya, tafiyar cikin gari, da gudu daidai wa daida a babbar hanya. Gwajin tururin mai yakan buƙaci tankin ya kasance tsakanin kwata da kwata uku. Abin na iya ɗaukar kwanaki.

Akwai kuma lambobin dindindin a motocin ƙirar 2010 zuwa sama, waɗanda ba sa goguwa da na'ura ko cire batir. Kwamfutar ce kaɗai ke share su bayan ta tabbatar an yi gyara. Tun Yulin 2019 Kalifoniya ta sa su cikin abin da ke kayar da mota.

Cire ƙwan fitilar ma ba ya fisshe kowa, domin mai gwaji na duba ko tana kamawa idan an murɗa makulli kafin a tayar da injin.

Kafin a kashe kuɗi

Dokar tarayyar Amurka ta tilasta wa kamfanonin mota ba da garantin matatar hayaƙi da kwamfutar injin na shekara takwas ko mil 80,000, duk wanda ya riga cika. Idan sauyi ya zama dole, Kalifoniya ba ta karɓar matata sai ta asali ko wadda hukumar kula da iska ta jihar ta amince da ita. Masu ƙaramin ƙarfi kuma na iya neman tallafin gyara daga hukumar da ke kula da garejoji.

Abin da ya shafi masu 'yan Kwatano

Da yawa daga motocin hannu da ke shigowa Najeriya da Nijar daga Amurka suke, da wannan kwamfuta a jikinsu. Mai saye zai iya jona na'ura kafin ya biya. Idan fitila a kashe take amma gwaje-gwajen ba su kammala ba, ko dai an cire batir ko kuma an goge lambobi kwanan nan. Idan P0420 ta dawo bayan 'yan kwanaki, ya kamata a leƙa ƙasan motar, domin akan fasa indomi a sayar da abin da ke ciki. Mota ba indomi tana tafiya, amma gubar da ya kamata a tace tana fita ne kai-tsaye zuwa hancin masu tafiya a ƙasa da 'yan talla a bakin titi.