Majak Daw da Shigar 'Yan Sudan ta Kudu Ƙwallon Ostireliya

A watan Disamba na 2009 ƙungiyar North Melbourne ta ɗauki wani dogon saurayi mai suna Majak Daw cikin jerin sabbin 'yan wasanta na ko-ta-kwana. Shi ne haifaffen Sudan na farko da wata ƙungiya ta ɗauka a AFL, babbar gasar ƙwallon gargajiyar Ostireliya. Bayan shekara goma sha biyu, a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2021, Mac Andrew, wanda iyayensa 'yan Sudan ta Kudu ne kuma aka haife shi a Masar, shi ne na biyar da aka zaɓa a duk ƙasar. Tsakanin waɗannan shekaru biyu abin da ake yi wa kallon baƙon al'amari ya zama ruwan dare, kuma ya kamata a duba yadda aka yi hakan ta faru da wanda ya ɗauki nauyinsa.

Wasan dai ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ne, ba kuma zari-ruga ba ne, ko da yake yana ɗan kama da ita. Fili mai siffar ƙwai ne, ƙwallon ma haka, kowane ɓangare mutum 18. Ana bugawa da ƙafa, ana miƙawa da dunƙulen hannu. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu: ƙwallon da aka buga ta ratsa tsakanin na tsakiya maki shida ce, ta gefe maki ɗaya. Abin da ya fi tayar da 'yan kallo tsaye shi ne ɗan wasa ya yi tsalle, ya taka kafaɗar abokin hamayya da gwiwa, ya cafe ƙwallo a sama. A Melbourne aka rubuta dokokin wasan tun 1859, kuma wasan ƙarshe na shekara kan tara mutum kusan dubu ɗari a filin MCG. A wannan birni, in ka haɗu da baƙo, da wuya ku rabu bai tambaye ka ƙungiyar da kake goyon baya ba.

Tushen lamarin yaƙi ne. Yaƙin basasar Sudan na biyu, daga 1983 zuwa 2005, ya watsa mutanen kudu zuwa Kenya da Habasha da Yuganda da Masar. A farkon shekarun 2000 Ostireliya ta ba 'yan Sudan kaso mai tsoka cikin 'yan gudun hijirar da take karɓa, kuma da yawansu suka sauka a unguwannin yammaci da kudu maso gabashin Melbourne. An haifi Daw a Khartum a 1991. Iyalinsa suka gudu Masar, suka yi 'yan shekaru a can, sannan suka isa Ostireliya a 2003. A wannan shekarar ce ma iyalin Aliir Aliir suka iso, shi kuma an haife shi ne a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya a 1994. Changkuoth Jiath, wanda ya buga wa ƙungiyar Hawthorn, a Habasha aka haife shi. Yaran da suka sauka daga jirgi suna ƙanana a wancan lokaci su ne suka balaga a filayen wasan makarantun Ostireliya.

Ga yaron da bai iya harshen gari sosai ba, wanda fatarsa ta bambanta shi da kowa a aji, fili ne wurin da ake saurin karɓarsa. In ya cafe ƙwallo sau biyu, gobe yana da abokai. Wannan dalili na gefen yaran ne, kuma yana da ƙarfi. Sai dai akwai dalilin hukumar AFL, wanda na kasuwa ne tsantsa. Ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando sun riga ta shiga gidajen baƙi, domin wasanni ne da iyayen suka sani tun daga gida, kuma suna iya kai yaro Turai ko Amurka. Awer Mabil, shi ma haifaffen Kakuma, da Thomas Deng da Garang Kuol duk suna cikin tawagar Ostireliya a gasar kofin duniya ta 2022 a Katar. Thon Maker ya tafi NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Wasan da ba a yinsa da gaske a wata ƙasa sai Ostireliya ba zai zuba ido a kwashe masa dogayen yara masu tsalle ba. Saboda haka a 2016 AFL ta kafa makarantun rainon matasa, ta raba wa ƙungiyoyi yankuna, ta ce duk wadda ta raini ɗan baƙi ko ɗan asalin ƙasar na Aborijin tana da fifiko a kansa ranar zaɓe. Nan da nan ƙungiyoyi suka bazama unguwannin da a da ba su leƙawa.

Amfanin ya bayyana a fili. Aliir, wanda Sydney ta zaɓa a 2013, ya koma Port Adelaide, kuma a 2021 aka sa shi cikin tawagar zaratan shekara ta ƙasa baki ɗaya a matsayin mai tsaron baya. Mabior Chol ya fi kowa zura ƙwallo a Gold Coast a 2022. A ɓangaren mata, Akec Makur Chuot ta buga wa Fremantle a kakar farko ta gasar mata a 2017. Waɗannan nasarori sun zo a lokacin da al'ummar ke buƙatarsu matuƙa. A 2007 ministan shige da fice Kevin Andrews ya kafa hujja da cewa 'yan Sudan ba sa sajewa da jama'a wajen kare rage yawan 'yan Afirka da ake karɓa. A farkon 2018 kuma jaridu suka cika da labarin gungun 'yan daban Afirka a Melbourne, har minista Peter Dutton ya ce mutanen birnin na tsoron fita cin abinci da dare. Uwar da ɗanta ke shan kallon tuhuma a tashar jirgin ƙasa, in ta kunna talabijin ta ga dubban mutane na kiran sunan ɗan ƙabilarta da murna, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba.

Amma rayuwar Daw ta nuna ɗaya fuskar. Tun kafin ya buga wasa ko ɗaya a babbar gasa sunansa ya cika jaridu, aka mai da shi jakadan shirin jawo baƙi, ana kai shi makarantu da taruka. Alhali a makare ya fara wasan, yana gogayya da yaran da suka tashi da ƙwallon a hannu tun suna rarrafe. Sai da ya shekara uku yana koyo a ƙaramar gasa, inda a 2011, yana buga wa Werribee, wani ɗan kallo ya zage shi saboda launin fatarsa. Da ya samu shiga a 2013, a wasa da Brisbane, bugunsa na farko ya ci ƙwallo, kuma bayan 'yan makonni ya ci shida a wasa ɗaya da Western Bulldogs. Daga nan sai aka ɗora masa fatan da ya fi ƙarfin gogewarsa. Yau a sa shi gaba, gobe a mai da shi mai tsallen tsakiya, jibi a sauke shi ƙaramar gasa. A 2016 ya lashe kyautar cafiyar da ta fi kowace kyau a shekarar, amma gurbi tabbatacce bai samu ba sai 2018, da aka mai da shi baya, ya yi kakar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa.

A Disamban wannan shekarar ne ya faɗo daga gadar Bolte a Melbourne, ƙugunsa ya kakkarye. Daga baya shi da bakinsa, da kuma a littafin tarihinsa na 2021, ya bayyana cewa ciwon damuwa ne ya yi masa katutu har ya nemi halaka kansa. Ba daidai ba ne a ɗora wannan a kan ƙwallo kaɗai, domin damuwa irin wannan ba ta da sanadi ɗaya. Amma ba daidai ba ne kuma a kau da kai daga nauyin da ke kansa: babban iyali da ke kallonsa, al'umma guda da ake auna mutuncinta da halinsa, da hukumar da ke nuna hotonsa a matsayin shaidar cewa wasan na kowa ne. Ɗan wasa farar fata in ya yi kuskure, nasa ne shi kaɗai. Daw in ya yi, sai a ce 'yan Sudan.

Ya koyi tafiya daga farko. A watan Agusta na 2020, lokacin annobar korona, ya dawo fili a wasa da Adelaide. Da ya buga ƙwallo ta ratsa tsakanin sanduna, abokan wasansa suka yo kansa daga ko'ina a filin, suka rufe shi da runguma. Ƙarshen wannan kakar North Melbourne ta sallame shi, bayan wasa 54. Melbourne ta ɗauke shi a 2021, bai samu buga mata wasa a babbar gasa ba, ya yi ritaya a 2022.

Waɗanda suka biyo bayansa sun tarar da hanya ta ɗan yi sauƙi, musamman domin sun yi yawa, ba mutum ɗaya ke ɗauke da sunan kowa ba. Sai dai yadda aka yi da makarantun rainon ya nuna inda hankalin ƙungiyoyi yake. Da Western Bulldogs ta samu Jamarra Ugle-Hagan, zaɓi na ɗaya a 2020, ta wannan hanya, sauran ƙungiyoyi suka yi ƙorafi, aka taƙaita fifikon. Shi ya sa Melbourne, wadda ta raini Mac Andrew, ta rasa shi ya tafi Gold Coast. Muhawarar duk ta tsaya a kan wa zai mallaki yaro mai hazaƙa. Zancen yaron da aka raina shekaru sannan ba a zaɓe shi ba, ko wanda aka sallama yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba sana'a a hannu, bai samu irin wannan zafin ba.

A ganina buɗe wannan ƙofa alheri ne, kuma AFL ta cancanci yabo a kai. Amma abin da ta nema tun farko tsawo ne da tsalle, ta kuma samu. Kula da lafiyar ƙwaƙwalwar waɗannan samari, da hukunta masu zagin launin fata a fili da intanet, da shirya su don rayuwar bayan wasa, nan ne har yanzu ake binta bashi. Gasar na da ƙungiyoyi 18, kuma babu ko ɗaya da ɗan asalin Sudan ta Kudu ya taɓa zama babban kocinta.