Hayaƙin Nima: yadda masana daban-daban suka haɗu kan tambaya ɗaya

Da asuba a Nima da Maamobi, cikin birnin Accra, iska tana ɗauke da hayaƙin gawayi da na itace daga murhun masu sayar da koko da waakye, ga na motoci, ga ƙurar lungu. Wane ne ya fi cutar da huhun mazauna unguwa? Likita shi kaɗai ba zai iya amsawa ba, haka ma masanin taswira.

Shi ya sa tsakanin 2006 da 2008 wata tawaga ta haɗu daga Jami'ar Ghana da ke Legon da Jami'ar Harvard ta Amurka. A cikinta akwai Samuel Agyei-Mensah, masanin labarin ƙasa, da Allison Hughes na sashen kimiyyar fiziks, da Majid Ezzati, masanin lafiyar al'umma. Sun zaɓi unguwanni huɗu masu bambancin arziki: James Town, Asylum Down, East Legon da Nima.

Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne manufar da suka tsayar tun farko: auna ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi, waɗanda ake kira PM2.5, sannan a gano inda suke fitowa. Kowane fanni ya ɗauki nasa kason. Masu awo sun kafa na'urori a kan rufin gidaje, sun kuma zaga lunguna da ƙafa ɗauke da na'urar awo da GPS. Masana taswira suka sa alamar murhuna da hanyoyi. Masana lafiya suka fassara abin da alƙaluman ke nufi ga jikin mutum.

Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna iskar East Legon, unguwar masu hali, ta fi ta sauran tsabta. A cikin unguwa kuwa, gurɓatar tana ƙaruwa kusa da murhunan itace da gawayi da hanyoyi masu cunkoso. Da hunturu, hazon Sahara yana ninka matsalar a ko'ina.

Riba ta biyu ita ce mutanen da aikin ya horar. Raphael Arku ya shiga binciken yana ɗalibi a Legon, daga baya ya yi digirin digirgir a Harvard, kuma yana cikin jagororin sabon awon da aka yi a wurare 146 na Accra da kewaye daga 2019 zuwa 2020.

Darasin ya shafi kowane zango, daga Kumasi zuwa Lome da Abidjan. Idan masu bincike suka zo neman izini wurin sarkin zango ko limami, jama'a na da hakkin tambaya: wace matsala za a warware, 'ya'yan unguwa nawa za a koya wa aikin, kuma yaushe za a dawo a bayyana sakamakon da Hausa?