FASHIN BAƘI: Neman haihuwa bayan shekara 35, da gwajin da ya kamata ma'aurata su fara da shi

A ƙasar da matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kusa biyar, ba kasafai hukumomi ke ɗaukar rashin haihuwa a matsayin matsalar lafiyar al'umma ba. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya ce adadin a Najeriya 5.3 ne, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna ya sauko zuwa 4.8. Waɗannan alƙaluma ake kaiwa taruka. Matar da ta shekara shida a ɗakinta ba ta taɓa ɓatan wata ba, ba a lissafa da ita.

Alhali irinta suna da yawa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Afrilun 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai shida na fuskantar matsalar a wani lokaci na rayuwarsa, kuma bambancin ƙasashe masu arziki da matalauta kaɗan ne. A wajen hukumar, ana kiran abin rashin haihuwa ne idan ma'aurata sun cika wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba tare da hanyar tazarar haihuwa ba, kuma ciki bai shiga ba.

Wannan wa'adi na shekara guda bai dace da kowa ba. Ƙungiyoyin likitocin mata a Amurka na ba da shawarar cewa macen da ta haura 35 ta je asibiti bayan wata shida kacal, wadda ta kai 40 kuma kada ta jira ko kaɗan. Shawarar ta shafi matan da karatu ko aiki ya jinkirta aurensu. Ta kuma shafi wata mace da aka fi mantawa da ita a Arewa: wadda aka aurar da wuri, ta haihu, auren ya mutu, ta sake wani tana da shekara 36, sabon gida kuma na zuba ido.

Dalilin gaggawar yana cikin halittar mace. Ana haihuwar jaririya da ƙwayayen haihuwa miliyan ɗaya zuwa biyu, kuma jikinta ba ya ƙirƙirar sababbi. Kafin ta balaga sun ragu zuwa tsakanin 300,000 da 500,000, a shekara 37 kuma saura kimanin 25,000. Ingancinsu ma yana raguwa, shi ya sa ɓari ke ƙaruwa da shekaru. Mace mai lafiya 'yar shekara ashirin da wani abu tana da damar ɗaukar ciki kusan ɗaya cikin huɗu a kowane wata. A shekara 40 damar ta koma kusan ɗaya cikin goma. Ɗaya cikin goma ba rufewar ƙofa ba ce, mata da yawa na haihuwa lafiya a wannan shekarun. Sai dai kowane wata da aka ɓata wajen jiƙe-jiƙe da sauya masu magani yana da tsada.

A nan ne ake yawan faro abin a baibai. Gwaji mafi sauƙi, mafi arha, wanda babu allura babu ciwo, na namiji ne. Kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Zai ƙaurace wa iyalinsa kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi, a duba yawan ƙwayayen da motsinsu da siffarsu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyaka ta ƙasa. Idan sakamako ya fito da rauni, ana maimaitawa bayan kimanin wata uku, domin jiki na ɗaukar sama da kwana 70 kafin ya kammala sababbin ƙwayaye, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya ɓata sakamakon. Ƙarfin kwanciya ba hujja ba ne, haka ma 'ya'yan da mutum ya haifa shekara goma da suka wuce. Duk da haka, mace ce ake kaiwa asibiti, ita ake yi wa gori, ita ake yi wa kishiya, maigida kuwa bai taɓa leƙa ɗakin gwaji ba.

Ga mace, likita na neman amsar tambayoyi uku: ƙwai na fita, hanya a buɗe take, mahaifa kuma lafiya take? Gwajin jini na sinadarin furojestaron, kwana bakwai kafin ranar da ake sa ran al'ada, yana nuna ko ƙwai ya fita. Hoton ciki yana nuna ƙari a mahaifa da yanayin ma'ajiyar ƙwai. Sai gwajin HSG, inda ake tura wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto don ganin ko bututun da ƙwai ke bi ya toshe. Wannan yana da muhimmanci na musamman a Afirka, inda ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, da cutar da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari, suka daɗe suna kan gaba wajen toshe bututun. Macen da bututunta biyu suka toshe, duk yawan maganin tsirar da ƙwai da ta saya a kemis ba zai yi mata komai ba.

Gwajin da ya fi tashe a shafukan sada zumunta, wato AMH, shi ne kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Yana ƙiyasta yawan ƙwayayen da suka rage, ba ya faɗin ingancinsu. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2017, kan mata 750 'yan shekara 30 zuwa 44, ya gano cewa masu ƙarancin AMH ba su gaza sauran wajen ɗaukar ciki ba. Amfaninsa na gaske shi ne taimaka wa likita ya hango yadda jikin mace zai karɓi allurai idan za a yi dashen ciki. Ƙaramar lamba a takardar gwaji ba ta isa a kira mace juya ba, babbar lamba kuma ba ta mayar da 'yar shekara 41 ta koma 'yar 28.

Dashen ciki, wanda aka fi sani da IVF, ya fara ne da haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978. A Najeriya, farfesoshi Oladapo Ashiru da Osato Giwa-Osagie sun fara aikin a Legas tun shekarun 1980, Dakta Ibrahim Wada kuma ya samu nasararsa a Abuja a 1998. Ta fuskar addini, fatawar da hukumar fatawa ta Masar ta bayar a 1980 ta halatta shi muddin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta ne, kuma igiyar aure na nan. Akasarin malaman Sunna a kan haka suke. Amma shi ma dashen nasararsa na raguwa sosai bayan shekara 40 idan da ƙwan matar za a yi, kuma zagaye ɗaya na cin miliyoyin naira.

Wa zai biya? A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayyar Najeriya kuwa ba ta taɓa cika shi ba. Sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun marasa lafiya yake fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma mafi yawan 'yan ƙasa har yanzu ba su da ita.

Giɓin da hukuma ta bari, 'yan damfara ne ke cike shi. A Nuwamban 2024 sashen binciken BBC Africa Eye ya bankaɗo wasu wurare a Jihar Anambra inda ake yi wa mata allurai har cikinsu ya kumbura, a ce musu suna ɗauke da cikin da na'ura ba ta gani, a hana su zuwa wani asibiti, daga baya a miƙa musu jariran da aka yi safararsu. Wasu daga cikin matan sun biya kuɗin da ya ninka na gwajin maniyyi da hoton ciki da HSG a asibitin koyarwa sau da yawa.