Gudun Fanfalaki Domin Neman Maganin Ciwon Daji: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu A Ƙasar Haɗejiya

Zai yiwu wata rana wani saurayi ya faɗi gaban hakimi ya yi gaisuwa, ya ce yana shirin shiga gudun fanfalaki, yana kuwa neman izini ya bi jama'a su ba da gudummawa sabo da binciken ciwon daji. Mai jin wannan da farko zai yi mamaki, gama ba a saba haɗa gudu da neman magani ba. Sabo da haka aka shirya wannan bayani, domin hakimai da malamansu su san asalin abin, da yadda a ke shirya jiki dominsa, da yadda a ke tsare kuɗin da aka tara. Abu biyu ne ke hannun shugabanni a nan, watau lafiyar mai gudun da amanar talakawa.

ASALIN GUDUN

Gudun fanfalaki, wanda waɗansu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, watau mil 26 da yadi 385. Turawa suna kiransa da sunan wani gari na ƙasar Girka, Marathon. An ce daga can ne wani manzo ya taso da gudu har birnin Atina, ya kai bisharar cin nasarar yaƙi, sa'an nan ya faɗi ya mutu. Don tunawa da wannan labari aka sa gudun cikin wasannin Olimfik na 1896 a Atina. Tsawon da a ke bi yanzu an auna shi ne a wasannin London na 1908, aka tsai da shi ya zama ƙa'ida a 1921. A 1960 wani soja mutumin Habasha, Abebe Bikila, ya ci gasar a birnin Rum ba takalmi a ƙafarsa. A Nijeriya kuwa an fara babban gudun birnin Ikko a 2016, a kan yi shi cikin watan Fabrairu.

YADDA GUDU YA ZAMA HANYAR TARA KUƊI

Wanda ya fi shahara a wannan aiki wani saurayi ne na ƙasar Kanada, sunansa Terry Fox. A 1977, yana da shekara 18, aka sami ciwon daji a ƙashin ƙafarsa ta dama, likitoci suka yanke ta. Abin da ya gani na wahalar yara a asibiti ya tsaya masa a rai. Ya yi wata 14 yana koyon gudu da ƙafar roba. Ran 12 ga Afrilu, 1980, ya tashi daga garin St. John's a bakin tekun gabas, da niyyar ratsa ƙasar duka, yana roƙon kowane mutumin Kanada ya ba da dala ɗaya tak. Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci kilomita 5,373, kusan tsawon fanfalaki guda ke nan kowace rana. Ran 1 ga Satumba ya tsaya kusa da garin Thunder Bay, don ciwon ya kai ga huhunsa. Kafin ya rasu ran 28 ga Yuni, 1981, kuɗin ya haura dala miliyan 24, daidai da yawan mutanen ƙasar a lokacin. Tun daga 1981 a ke yin gudu kowace shekara da sunansa, abin da aka tara kuwa ya wuce dalar Kanada miliyan 850.

A wannan shekara ta 1981 aka fara gudun birnin London, inda masu gudu suka tara wa ƙungiyoyin taimako fiye da fam biliyan ɗaya daga farkonsa zuwa yau. A Nijeriya ma akwai makamancin haka. Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara, ta kafa Gidauniyar Medicaid, wadda ta shirya tattakin jama'a a Abuja shekara da shekaru domin faɗakarwa da tara gudummawar masu ciwon daji.

In an duba, tsarin bai bambanta da gayya ba. Mutum ɗaya ya ɗauki wahala a idon jama'a, jama'a kuwa su tallafa da ɗan abin da kowa ya iya. Gudun kansa ba ya warkad da kowa. Amfaninsa shi ne ya jawo hankali, ya sa a yi zancen ciwon da a ke ɓoyewa, ya kuma buɗe hannun masu bayarwa.

ABIN DA YA SHAFI ƘASAR HAƊEJIYA

Bisa ga ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya, a 2022 mutum kusan 128,000 suka kamu da ciwon a Nijeriya, kusan 80,000 kuwa suka mutu da shi. Waɗanda suka fi yawa su ne na nono, da na bakin mahaifa, da na marainar mafitsara ga maza. Akwai kuma iri biyu da mazauna fadama ya kamata su sani.

Na fari shi ne na mafitsara. Tsargiya, watau fitsarin jini, tana fitowa daga ƙananan tsutsotsi da ke zaune cikin dodon koɗi a ruwan da ba ya gudu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan Kogin Haɗejiya ta sake, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ruwa ya kan kwanta a wuraren da masunta da manoman shinkafa da yara ke shiga kullum. Tsargiyar da aka bari shekara da shekaru ba magani tana iya jawo ciwon daji a mafitsara, alhali kuwa maganinta ƙwaya ce mai sauƙin samu.

Na biyu shi ne na hanta. Manyan sanadinsa biyu ne, ciwon hanta mai lamba B, wanda a ke yi wa jarirai rigakafinsa, da wata guba da ke cikin funfunar gyaɗa da masara in an adana su da danshi.

Bincike ne ya gano waɗannan duka, wani sashensa ma a Afirka aka yi. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasar Uganda. A 1964, daga naman ciwon da ya aika London, aka gano ƙwayar cuta ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Likita Victor Ngu na asibitin koyarwa na Ibadan yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani yana narkad da wannan kumburi. Allurar rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Nijeriya cikin Oktoba, 2023, ita ma 'yar bincike ce. Irin wannan aiki a ke nufi in an ce a tara kuɗin bincike.

SHIRIN JIKI

Ba a tashi rana ɗaya a yi gudun kilomita 42, kome ƙarfin mutum a gona ko a komi. Wanda ya saba da ɗan gudu yana bukatar mako 16 zuwa 20. Wanda bai saba ba sai ya fara da watanni na tafiya da sassarfa tukuna.

Abu na farko, ya ga likita a auna zuciyarsa da bugun jininsa. Mai amosanin jini, da mai ciwon zuciya ko na sukari, da mai asma, kada su fara sai da yardar likita.

Na biyu, ya yi gudu kwana uku ko huɗu a mako, ya huta sauran. Cikin kwanakin nan, rana ɗaya ce ta dogon gudu, wanda a ke yi sannu, gwargwadon yadda mutum zai iya magana da abokinsa yana gudun. Kowane mako ya ƙara kaɗan, kada ƙarin ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ya yi a makon da ya wuce. Gudu mafi tsawo, kilomita 30 zuwa 32, a kan yi shi saura mako uku ga ranar gasa, daga nan sai a riƙa ragewa domin jiki ya murmure. Gaggawa ita ke kawo ciwon gwiwa da tsagewar ƙashin ƙauri.

Na uku, lokaci. A ƙasar Haɗejiya zafin bazara ya kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, a Agusta da Satumba kuwa ruwa ya kan yanke hanyoyin fadama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen kaka zuwa hunturu, wanda ya yi daidai da shirin gudun Ikko na Fabrairu. Sai dai mai zuwa Ikko ya sani iskar can mai danshi ce, gumi ba ya bushewa kamar a Arewa, don haka ya rage sauri. A fita bayan sallar Asuba, a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Ranar da hazo ya yi kauri a huta. Cikin azumin Ramadan a ajiye dogon gudu da rana.

Na huɗu, ci da sha. Ƙarfin da jiki ke ajiyewa daga hatsi ya kan ƙare wajen kilomita 30, a nan ne masu gudu da yawa ke gazawa. Sabo da haka ya riƙa cin tuwo da shinkafa da fura, da wake ko kifi, ya kuma riƙe dabino a aljihu domin dogon gudu. Ya sha ruwa mai tsabta kaɗan kaɗan in ya ji ƙishi. Ɗura ruwa fiye da kima shi ma haɗari ne, don yana tsinka gishirin jini.

Na biyar, abin kiyayewa. Mai zazzaɓi kada ya yi gudu. Kada a shiga kududdufi ko tafki don a huce, gama nan tsargiya ta ke. A bi gefen hanya ana fuskantar motoci, mai keke yana biye da ruwa. In mai gudu ya soma tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, zafi ne ya buge shi: a kwantad da shi a inuwa, a jiƙa jikinsa duka da ruwan sanyi, a yi ta fifita, a kai shi asibiti nan da nan. Jinkiri a nan yana iya zama asarar rai.

TSARE AMANAR KUƊI

Nan ne aikin malamin hakimi ya fi nauyi. Kafin a karɓi ko kwabo, mai gudu ya kawo takarda daga wurin da za a kai kuɗin, mai nuna sun san da zancen. Akwai Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa a Abuja, wadda aka kafa da dokar 2017, ta fara aiki a 2023. Akwai asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A kuma bayyana wa jama'a tun farko ko kuɗin na bincike ne ko na taimakon marasa lafiya, don abu biyu ne dabam, kuma ba daidai ba ne a karɓa da sunan ɗaya a kashe a ɗayan.

A buɗe littafi guda mai lambar shafi, a rubuta sunan mai bayarwa da unguwarsa da kwanan wata da abin da ya bayar, a ba shi rasit. Wanda ya yi alkawarin naira kaza ga kowace kilomita a rubuta alkawarinsa dabam, kada a lissafa shi cikin kuɗin hannu sai ya biya. Kuɗin ya shiga banki, ba da sunan mai gudu ba, kada kuwa a fitar sai da sa hannun amintattu biyu. Kuɗin takalmi da na mota da na masauki na mai gudu ne, ko na wanda ya ɗauki nauyinsa a fili. Ba a taɓa gudummawa dominsu.

Lalle ne dagatai da bulamai da masu unguwa su fahimci cewa wannan ba haraji ba ne. Ba a raba shi gida gida, ba a kunyata wanda bai bayar ba. Manomin da ambaliya ta cinye shinkafarsa ba shi da laifi in ya ba da addu'a kawai.

In rauni ko ciwo ya hana mai gudu ƙarasawa, kuɗin da aka riga aka bayar ya tafi inda aka ce. Wannan ma a faɗe shi tun farko, domin kada kunyar jama'a ta sa yaro ya ci gaba da gudu bayan jikinsa ya gaza. Bayan an gama, a karanta jimla a fadar hakimi gaban jama'a, a manna takardar shaidar karɓa a ƙofa inda kowa zai gani.

RANAR DA JAMA'A SUKA TARU

Duk inda aka taru don sallamar mai gudu ko tarbarsa, ya kamata hakimi ya gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa mutane bayani. Ƙullutu a nono, zubar jini ga macen da ta daina haila, gyambon da ya ƙi warkewa, fitsarin jini, da rama ba dalili, duka abin kai wa asibiti ne da wuri. Ba kowane ƙullutu ne ciwon daji ba, amma likita ne kaɗai zai iya rarrabewa. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta zama tare ko cin abinci, ba kuwa sammu ba ne. Tsaga shi ko ƙona shi a gida yana ɓata lokacin da magani zai yi amfani. Magidanta su ba matansu izini da kuɗin mota tun abin yana ƙarami, daga asibitin Haɗejiya kuwa likita zai tura mara lafiya gaba in da bukata.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani a zaman dagatai, malamai kuma su ajiye kwafe ɗaya a ofis domin mai neman izini ya gani kafin ya fara.