Raunin Ƙwaƙwalwa da Neman Diyya: Abin Lura ga Ƙasar Rano da Kibiya

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Karfi ta bi ta Bunkure zuwa Rano da Kibiya ya san babur shi ne jakin wannan zamani. A kansa ake kai amfanin gona kasuwa, a kansa ake kai majinyaci asibiti. An hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013, amma a karkara sana'ar tana nan. Ko da yake Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano tun farkon 2009, sau da yawa kai ne ke fara dukan ƙasa idan an yi karo.

Abin da ya bambanta raunin ƙwaƙwalwa da karaya shi ne ɓoyuwarsa. Mutum yana iya suma, ya farfaɗo, ya yi magana sarai, alhali jini yana taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, bayan 'yan sa'o'i ya sake faɗuwa. Wani kuwa sai bayan watanni za a ga ya soma mantuwa, ko saurin fushi, ko farfaɗiya, har ya kasa riƙe sana'arsa. Likitoci suna auna tsananin raunin da ma'aunin da aka ƙirƙiro a Gilasgo a 1974, mai maki daga 3 zuwa 15, kuma maki 8 zuwa ƙasa alama ce ta mummunan rauni. Saboda wannan ɓoyuwa ne sulhun gaggawa yake da haɗari. Dangi sukan taru a ƙofar asibiti, direba ya biya kuɗin ɗinki da magani, a ce ƙaddara ce, an yafe, tun ba a san iyakar ɓarnar ba.

Imani da ƙaddara bai taɓa kawar da haƙƙi ba, kuma fiƙihun Malikiyya, wanda almajiran ƙasar nan suke karantawa a Risala da Muhtasar, shi ne shaida. An jera raunukan kai daki-daki. Wanda ya bayyana ƙashi, watau muliha, diyyarsa raƙuma 5. Wanda ya fasa ƙashi har ya gusar da shi, watau munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, watau ma'amuma, sulusin diyya. Idan kuwa hankali ya gushe ɗungum, cikakkiyar diyya ce, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, daidai da diyyar rai. Wannan hukunci ya haɗa da abin da aka yi bisa kuskure, domin malamai sun ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai kora ta game da abin da ta taka. A kuskure, idan abin biya ya kai sulusi, dangin mai laifi na wajen uba, watau aƙila, su ne ke haɗa shi. Yafewa alheri ne, amma mai haƙƙi ne ke yafewa, bayan ya san abin da ya yafe.

Dokar da aka gada daga Ingila ta biyo wata hanya, ta iso kusan wuri ɗaya. Tushenta shi ne shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, inda aka tabbatar cewa wajibi ne mutum ya kiyaye kada aikinsa ya cuci wanda hankali zai nuna cewa zai iya cutuwa. Mai ƙara a Babbar Kotu sai ya tabbatar da abubuwa uku: cewa akwai wajibcin kiyayewa a kan wanda yake ƙara, cewa ya yi sakaci da shi, kuma cewa sakacin ne ya jawo raunin. Idan direban yana bakin aikin maigidansa ne, ana iya haɗawa da mai motar. Idan kuma shi mai raunin yana da nasa sakacin, kotu tana rage diyyar gwargwadon laifinsa.

Diyyar iri biyu ce. Akwai wadda ake ƙidayawa, kamar kuɗin asibiti da na mota da ribar sana'ar da ta tsaya, kuma kotu ba ta ba da ita sai an jero ta filla-filla an kawo hujja. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa, ta azaba da naƙasa da abin da mutum zai rasa nan gaba. Don haka rasit ɗin magani, da rahoton 'yan sanda, da sunayen shaidu, da hoton ƙwaƙwalwa da rahoton likitan da ya duba shi a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, dukiya ce da ba a wasa da ita.

Akan ce direba talaka ne, me za a samu a wurinsa? Amsar ita ce inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa masu ababen hawa inshorar da za ta biya wanda suka yi wa rauni, kuma daga Janairun 2023 aka ɗaga kuɗinta ga ƙananan motoci na gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Takardar jabu ba ta biyan kowa, saboda haka a binciki sahihancinta tun da wuri. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki kuwa yana da wata ƙofar, watau dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010.

Saura batun lokaci, wanda ya kamata ma'aikatan gwamnati su fi kowa lura da shi. Dokar kare jami'an gwamnati ta ƙayyade wata 3 kacal domin shigar da ƙara a kan jami'i game da abin da ya yi a bakin aikinsa. Iyalin da suka shagala da jinya suna iya wayar gari ƙofa ta rufe. Idan majinyaci ba ya cikin hayyacinsa, wani na kusa da shi yana iya shigar da ƙara a madadinsa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, domin ƙarar haɗari tana cikin aikinta.

A taƙaice, sulhu ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi doguwar shari'a sauƙi. Sharaɗinsa shi ne a jira bayanin likita, a rubuta abin da aka yarda a kai, a sa kuɗin jinyar gaba a ciki. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya san wannan, ya koma Rano ko Kibiya ya sanar da danginsa, ya tsare haƙƙin mutumin da raunin ya hana shi yin magana da bakinsa.