Idan 'yarki ta ce injiniyan sinadarai take son zama

Makon jiya wata Hajiya daga Borokiri, nan Fatakwal, ta zo kantinmu sayen maganin asma na shaƙawa saboda autanta. Ina cikin haɗa mata magani sai ta ce, "Ƙanwata, don Allah ki yi wa 'yata magana. Babanta likitanci yake so ta karanta, ita kuwa ta kafe sai injiniyancin sinadarai. Ina mace ina aikin matatar mai?" Mai karatu, na san ana irin wannan ja-in-ja a gidaje da dama idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo.

Ɗauki ƙwayar farasitamol da ke cikin durowarka. Masanin kemistiri ne ke gano yadda ake haɗa sinadarin a ɗakin gwaji. Injiniyan sinadarai kuma shi ke tsara yadda za a samar da shi tan-tan a masana'anta: zafi nawa, matsi nawa, da yadda za a tace shi. Mu masu harhaɗa magunguna a ƙarshen layi muke. Har yau yawancin sinadaran da kamfanoninmu ke yin magani da su daga Indiya da Sin ake shigo da su. Kuma mun ga abin da sakaci ke jawowa: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan shan maganin fitar haƙori da ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, wanda ke kashe ƙoda.

Mutanen Fatakwal kuwa ba sai an yi musu dogon bayani ba. Tun 2016 muke fama da baƙar kunkunniya da ke sauka kan shanya da tagogi, har cikin hancin yara. Babban tushenta shi ne dafa ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya a cikin fadamu, abin da ake kira kpofire. Matatar gaskiya tana raba fetur da kananzir da gas gwargwadon zafin da kowanne ke tafasa. Mai dafawa a ganga ba shi da wannan awo, shi ya sa kananzirinsa ke zuwa da gaurayen fetur, ya fashe a fitila ko risho. Wannan rabawar tana cikin manyan darussan da yarinyar za ta koya.

Karatun shekara 5 ne. Ana yin sa a Jami'ar Fatakwal da ke Choba, da Jami'ar Jihar Ribas, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A JAMB ana rubuta Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. A aji huɗu ɗalibi kan yi wata shida yana koyon aiki a masana'anta.

Sai dai kada a ruɗi yaro. Lissafin ya fi kemistirin yawa, don haka a fara duba sakamakonsa a nan. Aikin mai ma ba tabbas ba ne. Matatar Eleme da ta fara aiki a 1965 ta sha tsayawa. Amma akwai kamfanin taki na Indorama a Eleme, akwai masana'antun siminti, sabulu, abinci, magani da tace ruwan sha.

Idan ya samu gurbi, a saya masa tabarau na kariya da farar rigar ɗakin gwaji. Mace ta cusa hijabinta cikin rigar, ta zaɓi na auduga, domin na leda yana narkewa ya manne a fata idan wuta ta kama shi. Mai asma ya sanar da malamai tun ranar farko.

Na nuna wa Hajiya maganin da ke hannunta na ce, "Iskar da ta tayar wa autanki da ciwo, irin su 'yarki ne za su gyara ta." Ta ce za ta kawo mini sakamakon Lissafin yarinyar, mu duba tare kafin a tunkari Alhaji.